Idan tirim ya ƙwace maka a ƙaramin jirgi, ga abinda hannunka zai yi kafin ka buɗe littafi

Kwanakin baya muna zaune wajen mai shayi akan hanyar Lawanti, wajen filin jirgin Gombe, wani ƙanina da ya dawo hutu daga makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya ya tambayeni, yace Yaya wai idan tirim ya fara gudu da kansa me mutum zai fara yi? Nace to kai me aka koya maka. Sai ya fara jero min kamar yaro na tilawa gaban alaramma, babu kuskure ko ɗaya. Nace madalla, yanzu rufe idonka ka nuna min da hannu inda birekar tirim ɗin take, wato ɗan maɓallin da ake ja a yanke masa wutar lantarki, a jirgin da kake tashi da shi. Sai yayi dariya yana sosa ƙeya. To a nan gizo ke saƙar, domin ranar da abin zai faru hannunka biyu suna kan sitiyari suna kokawa, idonka na waje, ba lokacin neman wani ɗan maɓalli baƙi cikin maɓallai ashirin masu kama ɗaya bane.

Bari in fara da menene ma tirim ɗin, saboda waɗanda ba su fara tashi ba tukuna. Ka taɓa lura da ɗan ga-ruwa yana tura kura? Idan ya jera jarkokin daidai kan taya da yatsa biyu ma zai riƙe hannun kurar, amma idan nauyin ya koma gaba ko baya sai kaga yana dannewa ko yana ɗagawa har jijiyar wuyansa ta fito. Aikin tirim kenan, ya ɗauke maka wannan nauyin daga hannu. A jirgi irin Cessna 172 wani ɗan faranti ne a bayan elebeta ta dama, wato fiffiken nan mai motsi can a wutsiya da ke ɗaga hancin jirgi ko ya sauke shi, an haɗa shi da waya da sarƙa zuwa wani wili da ke tsakiya ƙasa da totur. Ka juya wilin zuwa "hanci sama" farantin ya lanƙwasa ƙasa, iska ta buge shi ta tura elebetar sama, hancin jirgi ya ɗaga. Su Piper PA-28 kuma duk faffaɗan wutsiyar ne yake motsi gaba ɗaya, da dogon faranti a bayansa wanda shi ne ke yin aikin tirim. Mooney nata daban ne, wutsiyar ce dukanta ake karkatawa. Cirrus SR20 da SR22 kuwa babu wili kwata kwata, lantarki ne kawai, ɗan maɓalli ne a kan sandar tuƙi yana matsa wani sifirin. Wannan bambancin ba na jarrabawa bane kawai, shi zai gaya maka ko kana da hanyar gyarawa da hannu ko babu.

Abu ɗaya da nake so ya zauna maka a kai, in ka manta komai kada ka manta shi: tirim gudu yake nema. Duk inda ka ajiye shi, akwai wani gudu da jirgin yake son komawa kansa idan ka saki sitiyari. Ka saita shi a not 90 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi), ka ƙara wuta bazai ƙara gudu ba, hawa zai yi yana riƙe da 90 ɗin, ka rage wuta ya sunkuya yana neman 90 ɗin dai. To kaga idan tirim ya maƙale ko ya gudu wani waje, tambayar ita ce wane gudu yake nema yanzu, kuma yaya zan matsa kusa da shi ba tare da na jefa kaina cikin wani hatsarin ba. Duk sauran bayanin daga nan yake fitowa.

Mu fara daga ƙasa tunda nan ne abin yafi araha. Lokacin zagayen jirgi kafin tashi mutane da yawa shafa wutsiya kawai suke yi su wuce, musamman watan Maris da Afrilu da rana ke dukan kwalta a Gombe zafi na neman 40, kowa so yake ya gama ya shiga. Tsaya ka kalli farantin nan. Kama shi a hankali da yatsa ka ji ko yana lilo fiye da kima, duba sandar da ke tura shi da noti da fil ɗin da ke riƙe notin, duba hinjin ko ya fara tsagewa. Lokacin hunturu ƙurar nan mai laushi kamar hoda tana shiga ko'ina ta haɗu da giris ta zama laka mai cin ƙarfe, sannan zanzaro da tsuntsaye basa raina rami, jirgin da ya kwana biyu a ajiye a waje sai ka leƙa. A ciki kuma juya wilin tun daga ƙarshe har ƙarshe ka ji ko akwai inda yake cijewa, ka sa wani ya tsaya a baya ya gaya maka ina farantin ya nufa. Hanci sama, faranti ƙasa. Idan jirgin yanzu ya fito daga hannun injiniyoyi wannan gwajin wajibi ne, ba raini bane ga aikinsu. A ranar 26 ga Agusta 2003 wani Beech 1900D na kamfanin Colgan Air ya tashi daga Hyannis a Amurka bayan an canza masa wayar tirim, ashe an naɗa wayar a juye, matuƙan suna juya wili don hanci ya ɗaga shi kuma yana ƙara nutsewa, su biyu ne kawai a ciki kuma duk sun rasu a cikin teku. Masu bincike sun samu cewa har hoton da ke cikin littafin gyaran ma akwai kuskure, sannan ba a yi cikakken gwajin da ya kamata ayi kafin tashin farko ba.

Idan jirginka na da tirim na lantarki, irin 172 masu Garmin G1000 da otofailot (na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta) GFC 700 ko na baya masu KAP 140, akwai gwajin da littafin jirgin ya tsara, kayi shi yadda yake. Maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsanka rabi biyu ne, an yi shi haka da gangan don kada waya ɗaya ta haɗe ta tada motar tirim, to danna rabi ɗaya kaɗai ka tabbatar wilin bai motsa ba, danna ɗayan shima haka, sannan duka biyun ka ga ya juya ta inda ya kamata. Yana cikin juyawa ka danna jan maɓallin nan na kashe otofailot ka ga ya tsaya cak. Sannan birekar. Nemo ta, taɓa ta, ƙirga ta nawa ce daga gefe, rufe ido ka sake nemo ta sau uku. Wasu masu jirage suna sa mata ɗan zobe mai launi don ta fita daban kuma ta yi sauƙin ja, in naku babu kayi wa injiniya magana.

Kafin in shiga lalacewar inji bari in faɗi gaskiya, mafi yawan "matsalar tirim" da na gani mutum ne ba inji ba. Ni kaina ya taɓa faruwa dani ina ɗalibi. Wanda ya sauka da jirgin kafina ya bar tirim can wajen hanci sama, ni kuma ina sauri, na karanta layin tirim a takardar duba abubuwa kafin tashi da baki amma ban kalli alamar da ke nuna inda yake ba. Ina ba shi wuta muka fara gudu sai jirgi ya tashi da kansa tun ban ja ba, hanci ya miƙe sama, ƙarar gargaɗin sitol ta fara, wato fukafukai na dab da kasa ɗaukar jirgin, malamina yace min "tura!" da wata murya da har yau nake jinta. Na tura da hannu biyu shi kuma ya mirgina wilin gaba, cikin daƙiƙa biyar komai ya dawo daidai, amma rigata ta jiƙe sharkaf. Da muka sauka bai yi min faɗa ba, cewa kawai yayi gobe kai zaka sayi ƙosai. Tun daga ranar sai na ɗora yatsa akan alamar tashi kafin in ce an saita.

Toh yanzu ga babban lamarin, tirim ya fara gudu da kansa kana sama. Yadda zaka gane: sitiyari ya fara nauyi ta gefe ɗaya kuma nauyin ƙaruwa yake, ko ka hango wilin yana juyawa ba ka taɓa shi ba, ko ka ji yana goga maka gwiwa, wasu jiragen kuma zasu nuna jan rubutu a allo ko su yi ƙara. Kada ka tsaya tambayar kanka me ya jawo. Ka damƙi sitiyari da ƙarfi ka riƙe hancin jirgi inda yake, wannan shi ne na farko kuma babu abinda ke gabansa. A lokaci guda babban yatsanka ya danna jan maɓallin ya RIƘE. Nan ne mutane ke kuskure, su danna su saki kamar ƙararrawar ƙofa, alhali a yawancin jiragen nan muddin kana danne da shi ne wuta take yanke wa motar tirim, kana saki in matsalar na nan sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Kana danne ɗin ka sa ɗayan hannun ka mayar da wilin har nauyin ya ragu, sannan ka ja birekar otofailot ko ta tirim, ya danganta da yadda aka rubuta a naka jirgin. Sai bayan ka ja ta zaka saki jan maɓallin, idonka kan wilin ka tabbatar bai sake motsi ba. Idan kuna biyu ne ka faɗa da baki, "ja birekar tirim," kai ka ci gaba da tuƙi. Idan ka rasa birekar gaba ɗaya, kashe suwicin da ke ba na'urorin wuta zai tsayar da motar a jirage da yawa, amma ka sani zai tafi da rediyo da wasu allunan, cikin hazo wannan ba ƙaramar asara bace, shi yasa nake ta nanata maganar sanin inda take. Wilin ma kana iya riƙe shi da hannu, motar ƙananan jiragen an yi ta da kuloch mai zamewa don mutum ya fi ƙarfinta.

Kuma don Allah bayan abin ya lafa kada shaiɗan ya raya maka ka mayar da birekar "don ka gani ko ya gyaru." Bai gyaru ba. Barta a waje har ƙasa.

Akwai wani tarko da ya kamata in tsaya a kansa domin ba lalacewa bace amma kamanninsu ɗaya. Otofailot na aiki, kai kuma ka ga kamar jirgin ya ɗan yi ƙasa sai ka ja sitiyari ba tare da ka kashe shi ba. Shi a nasa lissafin wani abu ne ke ɗaga hanci, sai ya fara juya tirim zuwa ƙasa don ya rama, ka ƙara ja ya ƙara juyawa, kafin ka ankara ya kai tirim ƙarshe kuma kai ne ka sa shi. Ranar da ya saki sai duk nauyin ya faɗo hannunka lokaci ɗaya. Haka kuma idan ka sa shi ya riƙe tsayi sannan ka rage wuta ka manta, zai ta ɗaga hanci yana juya tirim baya a hankali gudu na zubewa har ku kai bakin sitol. Saboda haka in zaka taɓa sitiyari ka kashe shi tukuna, kuma duk lokacin da zaka kashe shi hannunka ya kasance a damƙe, kana tsammanin fizga.

Yanzu a ce ka tsayar da gudun amma tirim ɗin ya tsaya a mummunan waje, ko wilin ya cije yaƙi juyawa, ko kuma jirginka irin Cirrus ne da babu wili. Nan ne maganar gudu zata yi maka amfani.

Idan ya tsaya a hanci sama, jirgin gudu kaɗan yake nema, kuma duk ƙarin gudun da kayi nauyin turawa ninkuwa yake, ba ƙaruwa kaɗan kaɗan ba. Saboda haka ka rage totur, ka bar gudun ya sauko zuwa wajen gudun sauka, zaka ji hannunka ya samu sauƙi sosai. Wannan a gaskiya shi ne mai dama-dama a cikin biyun tunda dama a hankali ake sauka. Hatsarinsa yana wurare biyu, lokacin tashi da lokacin fasa sauka. Idan hanci ya miƙe sosai turawa kaɗai bata isa ba, ka ɗan kwantar da jirgin gefe kamar zaka juya, hancin zai sauko wajen layin sararin sama da kansa, sai ka daidaita fukafukai, amma wannan dabarar tana son tsayi, kusa da ƙasa ka yi ta da taka tsantsan. Maganar fasa sauka kuwa, ko lafiyayyen jirgi ne in an saita shi don sauka da filaf (farantan bayan fukafuki da ake saukarwa don sauka a hankali) a buɗe sannan aka danna wuta gaba ɗaya, hanci zai yi tsalle sama, malamai suna nuna wa ɗalibai wannan a sama da gangan don su ji ƙarfinsa. To ina ga wanda tirim ɗinsa ya maƙale a ƙarshe? In dole ta sa ka fasa, ka ƙara wutar sannu sannu hannunka a miƙe yana tura sitiyari, kada ka cusa totur lokaci ɗaya.

Hanci ƙasa shi ne mai wahalar. Jirgin babban gudu yake nema, wani lokacin ma wanda ya wuce jan layin da ke agogon gudu, kuma yana neman sa ne ta hanyar nufar ƙasa. Farko ka ja ka daidaita, ka rage wuta don kada gudun ya haye, kuma ja a hankali ba fizga ba saboda a babban gudu fizga tana iya yi wa fukafukai illa. Bayan ka daidaita zaka lura da wani abu: duk lokacin da ka rage gudu sosai jan yana ƙara nauyi, tunda kana nisa da gudun da yake so. Shi yasa ba sai ka yi ta jan jirgi a hankali tun daga nesa ba, ka tafi da matsakaicin gudu inda hannu zai iya ɗauka, ka ajiye ƙarfinka don minti biyun ƙarshe. In kana da abokin tafiya a kujerar dama ko da ba matuƙi bane, nuna masa ya riƙe nasa sitiyarin ya taya ka ja, ka gaya masa in nace saki ka saki. Kaya marasa nauyi sosai da ke gaba ana iya miƙa su baya, yana ɗan taimakawa, amma kada a wuce iyakar da littafi ya yarda, kuma kada kowa ya kwance bel yana tsallake kujera kusa da ƙasa. Kujerarka ma ka tabbatar ta kulle, kada kana ja da ƙarfi ta zame baya.

Nawa ne nauyin? Tsohuwar ƙa'idar Amurka ta ƙera ƙananan jirage ta ɗauka cewa mutum zai iya jan fam 75 da hannu biyu na ɗan lokaci, wajen kilo 34 kenan, ya fi jarka mai lita 25 cike da ruwa, da hannu ɗaya fam 50, amma na dogon lokaci fam 10 kacal. Ka ga su ma sun san ƙarfin farko ba shi bane matsala, gajiya ce. Minti biyar zaka ce ai ba komai, minti ashirin kafaɗa ta fara rawa. Saboda haka lissafinka ya zama filin da yafi kusa kuma mai dogon titi, ba filin da motarka take ajiye ba. Tsakanin Bauchi da Gombe ba wani zaɓi mai yawa, ko ka koma ko ka ƙarasa, wanda yafi kusa, kuma ka tuna ƙasar nan ba shimfiɗaɗɗiya bace, akwai duwatsu kewaye da Bauchi, ga Bima ta gabashin Gombe, ga na Kaltungo da Tula ta kudu, in hazo ya rufe kada ka yarda ka sauko ƙasa da tsayin da taswira ta ce lafiya saboda hannu ya gaji.

Kafin ka nufo titi, kana da tsayi tukuna, ka gwada saukar a sama. Rage gudu zuwa na sauka ka ji nauyin, buɗe filaf mataki ɗaya ka ji ya sauƙaƙa ne ko ya ƙara. A 172 buɗe filaf yakan ɗaga hanci da farko, a jirage masu fukafuki a ƙasa sau da yawa akasin haka ne daga baya, shi yasa ba zan ce maka buɗe ko kar ka buɗe ba, jirginka ne zai gaya maka. Duk matakin da ya fi maka sauƙi ka tsaya a kansa ka sauka da shi, ka bar canje-canje kusa da ƙasa. Ka shigo a miƙe tun daga nesa, babu lanƙwasa mai tsanani, ka ƙara ɗan gudu kaɗan in hanci ƙasa ne, ka bar ɗan wuta har tayoyi su kusa taɓawa domin iskar farfela tana taimakon wutsiya, kana cire wuta gaba ɗaya hanci zai ƙara nauyi. Titin Bauchi da na Gombe manyan jiragen alhazai ke sauka a kai, kai da ƙaramin jirgi ba ka da dalilin matsa wa kanka sai ka taɓa a farkon kwalta. Zafi kuma yana sa jirgi cin titi fiye da yadda ka saba, ka sa shi a lissafi.

Rediyo sai bayan jirgi ya natsu a hannunka. Ka gaya wa hasumiya gaskiyar abinda ke faruwa, in kana iya riƙewa kiran gaggawa na Pan-Pan sau uku ya isa, in kana jin yana neman fin ƙarfinka Mayday sau uku, wato kiran neman ceto, ka sa lambar gaggawa 7700 a taransfonda, na'urar da ke nuna jirginka ga masu kula da zirga-zirgar jirage, in ba ka samu kowa ba ka koma tashar gaggawa ta 121.5. Yaranmu suna jin kunyar wannan kiran wallahi, suna ganin kamar za a ce basu iya ba, ko suna tsoron rubuce-rubucen da zai biyo baya. Mutanen hasumiya basu san nauyin da ke hannunka ba sai ka faɗa, in ka faɗa zasu share maka hanya su daina tambayarka abubuwan da ba dole ba.

Saura abu biyu da ba kasafai suke faruwa ba amma gara ka taɓa jinsu. Na farko, sitiyari ko jirgin gaba ɗaya ya fara kakkarwa mai sauri daga wutsiya. Wannan yana iya zama farantin tirim ne ya kwance daga sandarsa yana kaɗawa a iska, kuma irin wannan kaɗawar tana iya yaga ƙarfe cikin daƙiƙu. Maganinta rage gudu nan take, ja totur baya, ɗaga hanci a hankali, ka riƙe sitiyari gam, in ta lafa kada ka sake komawa gudun da ta fara. Abinda ya faru a gasar tseren jirage ta Reno a Amurka ranar 16 ga Satumba 2011 kenan, wani P-51 da aka yi wa gyare-gyare, notocin da ke riƙe farantin sun gaji sun saki, ya fara kaɗawa, jirgin ya miƙe sama da ƙarfin da matuƙin bai iya ɗauka ba ya faɗo inda 'yan kallo ke zaune, mutum 11 suka mutu har da shi. Noti ne fa.

Na biyu shi ne juyin lamarin, elebeta ce ta lalace tirim kuma yana lafiya. In wayar elebeta ce ta tsinke, sitiyari ya zama sako-sako kana ja babu abinda ke faruwa, tirim zai yi aiki yadda ka saba kuma da shi zaka sauka. Littafin Cessna 172S ma ya tsara yadda ake yi: ka daidaita jirgin yana tafiya a miƙe wajen not 65 da filaf digiri 20, daga nan ka bar wilin, ka riƙa sarrafa gangarowa da totur kawai, sai dab da ƙasa ka mirgina tirim zuwa hanci sama kana daidaita wuta don kada tayar gaba ta fara bugawa, ka rufe totur bayan ka taɓa. Amma in elebetar cijewa tayi, sitiyari yaƙi motsi gaba ko baya, to farantin ya zama wata 'yar ƙaramar elebeta mai aiki a juye, ka juya hanci sama jirgin ya ɗan sunkuya. Ƙarfinsa kaɗan ne, gwada shi sannu a sama kafin ka dogara da shi. Kuma kafin komai leƙa ƙasa da bayan sitiyarin, sau da yawa wani abu ne ya faɗa ya tokare, waya ko biro ko gorar ruwa.

Duk wannan ba a koyonsa daga karatu kaɗai. Ka roƙi malaminka, a tsayi mai kyau ranar da sama take garau, ya juya maka wilin 'yan zagaye zuwa sama ka tuƙa haka, sannan zuwa ƙasa, ka ji da jikinka yadda nauyin ke canzawa idan ka taɓa totur. Manyan matuƙa ma abin ya ci su, Boeing 737 MAX biyu da suka faɗi, na Lion Air a Oktoban 2018 da mutum 189 da na Ethiopian Airlines a Maris 2019 da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi ɗan Najeriya, duk na'ura ce ke ta tura tirim zuwa hanci ƙasa matuƙa na ja. Namu ƙananan sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, gudunsu kaɗan ne kuma hannu yana iya fin ƙarfinsu.

In Allah ya sauke ka lafiya, kada ka taɓa wilin kuma kada ka mayar da birekar, ka bar komai yadda yake don injiniya ya ga inda ya tsaya, ka ɗauki hoton alamar tirim da na farantin a wutsiya da wayarka. Sannan ka rubuta a littafin jirgin dalla dalla: tsayin da kake, gudun, ko otofailot na kunne, ta ina wilin ya juya, me ka danna ya tsaya. "Tirim na da matsala" ba rubutu bane, injiniya zai gwada a ƙasa ya ga yana aiki ya sa hannu, gobe wani ya ɗauka. A kai rahoto ga NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, yadda doka ta tanada, in abin ya kai babban lamari NSIB, hukumar binciken haɗurra, ce ke bincike. Shi kuwa ƙanin nawa ya koma makaranta, shekaranjiya ya turo min ɗan bidiyo a WhatsApp yana zaune a jirgi a ƙasa, ya ɗaure ido da hankici, hannunsa ya tafi kai tsaye kan birekar.